Tarken Littafin Maurice Bucaille a kan Alƙur'ani da Kimiyya

A shekarar 1976 likitan nan Bafaranshe, Maurice Bucaille, ya wallafa littafin da ya auna Baibul da Alƙur'ani da ma'aunin kimiyyar zamani. Littafin ya sami karɓuwa ƙwarai a ƙasashen Musulmi, domin marubucin ya yanke hukuncin cewa babu ayar Alƙur'ani da ta ci karo da tabbataccen binciken kimiyya.

Sai dai tushen hujjar tasa yana da rauni. Bucaille ya ɗora kimiyya a kujerar alƙali, ya bar nassi yana jiran hukunci, alhali kuwa kimiyya kullum cikin gyara kanta take. Ra'in Newton game da ƙarfin da ke janyo abubuwa ƙasa ya yi fiye da shekara 200 yana cin kasuwarsa kafin Einstein ya yi masa kwaskwarima a 1915. To, wanda ya jingina imaninsa ga sakamakon bincike, ina zai dafa ranar da sakamakon ya sauya? Bugu da ƙari, mudun marubucin biyu ne. Yakan riƙi lafazin Baibul a zahirinsa don ya kama kuskure, amma in ya zo kan aya sai ya faɗaɗa ma'anar kalmar Larabci har ta dace da abin da likitoci suka gano game da ɗan tayi.

Tun a ƙarni na 11 Imam Gazali ya yi gargaɗi a Tahafutul Falasifa cewa mai musun lissafin husufi da sunan addini, addinin yake cutarwa. Ya sakar wa masana taurari fagensu, amma bai nemi su yi wa wahayi shaida ba. Shaidar nan ce Bucaille ya tafi nema wurin likitoci.