«Wai» da hoto: sharhi a kan yadda takardun hukuma ke gabatar da tabkin Madarumfa

0. Gabatarwa

A ranar 26 ga watan Mayu 2006 ƙasar Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO jerin wuraren da take fatan a sa su cikin kayan gadon duniya. A cikinsu akwai wanda aka raɗa wa suna da faransanci kamar haka: La forêt classée, le lac de Madarounfa et les tombeaux des 99 saints, watau gandun dajin hukuma da tabkin Madarumfa da kusheyin waliyyai 99. A shekarar 2019 kuma tabkin ya shiga jerin Ramsar na wuraren dausayi masu muhimmanci ga duniya, da faɗin da ya ɗara hekta 500. Waɗannan matakai biyu abin yabo ne, domin sun sa sunan wurin cikin kundin da ake dubawa idan ana rabon kuɗin kare muhalli da al'adu.

Abin da za mu duba a cikin wannan ɗan nazari shi ne harshen da aka yi amfani da shi wajen gabatar da wurin, da kuma irin hotunan da ke rakiyar wannan harshe a allunan talla da shafunan intanet. Hasashenmu shi ne cewa labarin waliyyan Madarumfa yana tafe ne a bakin Hausawa tare da alamar da ke nuna matsayin mai faɗinsa, kuma wannan alama ita ce ke ɓacewa idan labarin ya koma sunan dosiye ko ya koma hoto. Za mu fara da nahawu, mu bi ta kan ƙagaggen labari da silima, sa'an nan mu komo ga hoto da manufofin hukuma.

1. Ganau da jiyau a cikin nahawu

Mu dubi waɗannan jimloli huɗu:

(1) Waliyyai 99 ke kwance a kewayen tabkin.
(2) An ce waliyyai 99 ke kwance a kewayen tabkin.
(3) Wai waliyyai 99 ke kwance a kewayen tabkin.
(4) Kakana ya faɗa mini, shi kuma daga bakin malaminsa ya ji, waliyyai 99 ke kwance a kewayen tabkin.

Saƙon da ke cikinsu ɗaya ne, amma nauyin da mai magana ya ɗauka ya bambanta. A (1) ya ɗauki maganar a kansa baki ɗaya. A (2) ya jingina ta ga jama'a ba tare da ya nuna ra'ayinsa ba. A (3) ya ja da baya taki ɗaya: ya isar da magana, ya bar wa mai saurare hukunci, kuma gwargwadon yadda ya karya murya ana iya jin shakka ko a ji ladabi kawai. A (4) ya kawo salsalar waɗanda suka miƙo labarin, irin yadda ake yi a zauren karatu. Hausa tana da sunaye biyu na waɗannan matsayi, ganau da jiyau, kuma yaro ma ya san cewa shaidarsu ba ɗaya ba ce a gaban alƙali.

A iya saninmu da mutanen wurin, masunta da masu garake da masu kai baƙi ziyara, jimloli irin (2) da (3) da (4) su ne suka fi yawa a bakinsu. Haka ma zancen hasken da ake cewa yana bayyana a kan wasu kusheyin da dare: ko wanda ya gaskata shi yakan fara da ambaton wanda ya gani. Sunan dosiyen 2006 kuwa jimla (1) ce. Faransanci bai rasa hanyar nuna jiyau ba, tunda ƴan jarida kan yi amfani da sigar conditionnel don haka, amma suna ba shi da aikatau, saboda haka ba shi da gurbin da wannan siga za ta shiga. Kalmar des kuma ta sa waliyyan sun zama sanannu ƙidayayyu, kamar a ce an bi su ɗaya bayan ɗaya da takarda da alƙalami.

Abin lura na biyu shi ne adadin kansa. Duk wanda ya tashi cikin Musulmi ya san inda 99 ke kai hankali, watau kyawawan sunayen Allah da ƴaƴan tasbaha. Bahaushe kuma yakan ce ɗari ba ɗaya. Adadin yana nuni ga cika da albarka kafin ya yi nuni ga lissafi. Da ya shiga takardar hukuma, kusa da faɗin hekta da sunayen itatuwa, sai ya rikiɗe ya zama ƙididdiga, wadda mai bincike daga waje zai iya zuwa ya ce a nuna masa ita a ƙasa.

2. Yadda ƙagaggen labari ke riƙe «wai» ɗinsa

Adabin Hausa ya daɗe da sanin wannan matsala. Gatana, wadda a Kano ake kira tatsuniya, tana da kalmomin buɗewa da na rufewa da ke sanar da yara cewa an shiga duniyar gizo da ƙoƙi, kuma an fito. Masu nazarin adabi a Kano da Zariya sun ware ta daga almara da hikaya da ƙissa da tarihihi, kuma ma'aunin da ke raba su shi ne gwargwadon gaskatawar da ake nema daga mai saurare. Labarin waliyyan Madarumfa ya fi kusa da tarihihi: yana da wuri na gaske da za a iya takawa, yana kuma da abin mamaki da ba a aunawa.

Da rubutun boko ya zo, marubutan farko ba su yar da wannan dabara ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, labari ne na neman wani ruwa mai warkarwa a ƙasar aljannu. Imam bai ɗauki nauyin labarin da kansa ba. Ya sa Alhaji Imam yana ba Koje Sarkin Labari shi, watau mai karatu jiyau ne na jiyau. Wannan tsari shi ne jimla (4) da aka faɗaɗa ta zama littafi. Tzvetan Todorov, a cikin nazarinsa na 1970 a kan adabin ban mamaki, ya ce ginshiƙin wannan nau'i shi ne tababar mai karatu tsakanin bayanin da hankali ya saba da shi da wanda ya fi ƙarfinsa. Abin da Todorov ya nema a cikin tsarin littafi gaba ɗaya, Hausa ta tanade shi cikin kalma mai gaɓa ɗaya.

Silima ma tana da tata hanya. A cikin shekarun farin 1970 Mustafa Alasan da Anna Soehring suka yi fim ɗin Toula ou le génie des eaux, daga wani labari na yammacin Nijar da Bubu Hama ya rubuta: sarki ya ba da budurwa ga aljanin ruwa don a tsira daga fari, saurayinta kuma ya tafi neman ruwa ya dawo bayan aikin gama ya gama. Mai kallo ya san ƴan wasa yake gani. Wasan kansa shi ne «wai» ɗin fim ɗin, shi ya sa Musulmi mai tsantseni zai iya kallonsa ya ɗauki darasin fari da mulki ba tare da an nemi ya yarda da aljanin ba.

3. Hoto da bayansa

Hoto shi ne ya fi kowa rashin wannan alama. Roland Barthes ya nuna a 1980 cewa ƙarfin hoto shi ne shaidar da yake bayarwa cewa abin ya taɓa tsayawa gaban kamara. Bahaushe ya riga shi da karin magana, gani ya kori ji. Amma me hoton kushewa ke shaidawa? Tudun ƙasa, da duwatsu ko ɗan gini, da inuwar itace. Sauran duka daga rubutun da aka sa ƙarƙashinsa yake fitowa, kuma mai kallo yakan ɗauki tabbacin da hoton ya ba shi game da tudun ya ɗora shi a kan rubutun. Ta haka jiyau ke shiga rigar ganau.

A nan ne hoton fim na da yake da abin da zai koya mana. Muna ƴan makaranta a cikin shekarun 1990, masu hoto na Maraɗi kan biyo ayarin ziyara ko na shaƙatawa zuwa bakin tabki da fim mai ɗauka 36. Kowace ɗauka kuɗi ce, don haka sai an tsaya an daidaita. A jira kwanaki kafin a wanko. Idan hoton ya iso hannu, sai a juya bayansa a rubuta rana da sunayen waɗanda ke ciki, da boko ko da ajami. A cikin wani kundin iyali da aka ba mu dama muka duba, mun ga hoton samari uku tsaye kusa da wata kushewa, a bayansa an rubuta sunan da ake kiran mai kushewar da shi, an kuma ƙara cewa wani tsoho mai gadin wurin ne ya faɗa musu. Wanda ya rubuta wannan bai karanta nahawu ba, amma ya mayar wa hoton abin da kamara ta cire masa.

Hoton salula ba shi da baya. Yana fita daga Madarumfa da safe, kafin azahar ya kai Yamai da Kano ta WhatsApp, kowa ya laƙa masa rubutun da ya ga dama. Ba muna kukan komawa ga fim ba ne, tunda sauƙin da salula ta kawo ya ba masunci damar ɗaukar hoton tabkinsa da kansa, abin da bai taɓa samu ba. Abin da muke nunawa shi ne gurbin da ya ɓace, wanda ya kamata a gina masa madadi.

4. Abin da ke cikin haɗari

Wani zai ce wannan gardamar masana harshe ce kawai. Dalilai uku sun sa muke ganin ta wuce haka.

Na farko, ziyarar kusheyi abu ne da malaman jihar Maraɗi suka yi saɓani a kansa, musamman tun bazuwar Izala a cikin shekarun 1980. «An ce» da «wai» su ne ke ba maƙwabta biyu masu bambancin fahimta damar yin zancen wuri ɗaya ba tare da sun ɓata ba. Hukumar da ta rubuta jimla (1) ta ɗauki ɓangare ba da saninta ba. Wadda kuma ta rubuta légende kawai, da ma'anar abin da ba shi da tushe, ta ɗauki ɗaya ɓangaren.

Na biyu, hoton talla yakan nuna tabki cike da ruwa, da kwalekwale da tsuntsaye, ba rana ba wata. Alhali ruwan nan yana da tarihi. Yana zuwa ne daga Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi, waɗanda mafarinsu ke Najeriya. An gina madatsar Jibiya a jihar Katsina, kuma yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin ƙasashen biyu ta ambaci wannan gulbi cikin ruwayen da za a raba bisa adalci. Yashi kuma yana cike tabkin sannu a hankali. Hoton da ba a san shekararsa da watansa ba, ba zai taimaki mai son auna ja da bayan ruwa ba. Tsohon hoton fim mai kwanan wata a bayansa zai taimaka.

Na uku, garin yana sauyawa. Maraɗi tana faɗaɗa ta wajen kudu, kabu-kabu ya rage nisan da ke tsakani, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu 2021, zai ƙara wa filayen yankin daraja. Ranar da mai neman fili da mai kula da kushewa za su tsaya gaban magajin gari, takardar da ta ce 99 ba tare da ta faɗi wanne, a ina, a bakin wa ba, ba za ta kare kowa ba.

5. Kammalawa

Dokar 97-022 ta 30 ga watan Yuni 1997 ta ɗora wa hukuma nauyin kare kayan gadon al'adu. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 kuma ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan akwai yiwuwar a wayi gari ana rubuta irin wannan dosiye da Hausa. Tsoronmu shi ne a fassara faransancin 2006 kalma da kalma, a sami Hausar da ta yar da abin da ya fi amfani a cikinta.

Saboda haka muna ba da shawara uku. A sake tattara labarun kusheyin daga bakin masu su, kowane labari da sunan mai faɗi, da yardarsa, da wanda ya ji daga gare shi, a bar «an ce» da «wai» inda suka faɗo. A bi tsofaffin masu hoto na Maraɗi da Madarumfa da iyalansu a kwafi abin da ya rage na nagatif da hotunan takarda, gaba da baya, kafin zafi da gara su gama da su. Duk hoton da hukuma za ta buga kuma a sa masa rana da wuri da sunan mai ɗauka, a raba abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. Wannan aiki ne da ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi za su iya farawa da rikoda da salula, kuma muna fatan abokan aikinmu na sassan tarihi da labarin ƙasa za su duba waɗannan shawarwari su gyara mana inda muka kauce.