3.2 Hoton Aris da Atina a Cikin Waƙar Iliyad

A wannan sashe za a duba yadda Homa ya siffanta alloli biyu da Girkawan dauri suka danganta wa yaƙi, wato Aris da Atina, a cikin doguwar waƙarsa mai suna Iliyad. Waƙar tana da babi 24, kuma yawancin masana suna ganin an tsara ta a wajejen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa. Jigonta shi ne fushin Akilis, babban jarumin Girkawa, a shekara ta goma ta yaƙinsu da birnin Turoyi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, mawaƙin ya kasa yaƙi gida biyu, ya ba Aris ƙarfin tuwo, ya ba Atina dabara, amma bai wanke ko ɗayansu ba.

Idan aka dubi Aris, za a ga cewa duk da kasancewarsa ɗan Ziyus, sarkin alloli, da wuya ya shiga fage bai kwashi kunya ba. A babi na 5, wani jarumi ɗan Adam mai suna Diyomidis ya soke shi da mashi a ciki, da taimakon Atina. Aris ya kurma ihu, ya gudu ya kai ƙara wurin ubansa. Maimakon lallashi, sai Ziyus ya nuna masa cewa duk cikin alloli babu wanda ya fi ƙi kamarsa, saboda son fitinarsa. Haka kuma a babi na 21, Atina ta jefe shi da wani ƙaton dutse, ya faɗi warwas.

Ana iya cewa an wulaƙanta Aris ne domin yana goyon bayan mutanen Turoyi, shi kuwa mawaƙin Bagirke ne. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin Afolo ma yana tare da Turoyi, amma an bar shi da martabarsa har ƙarshen waƙar. Ke nan halin Aris ake suka, wato zubar da jini ba tare da tunani ba.

Ita kuwa Atina, tun a babi na 1 aka nuna ta da hankali, inda ta kama gashin Akilis ta hana shi kashe Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa. Sai dai dabararta tana tafe da yaudara. A babi na 4 ita ce ta zuga wani maharbi daga ɓangaren Turoyi ya saki kibiya, aka karya sulhun da aka ƙulla. A babi na 22 kuma ta rikiɗe ta zama ɗan'uwan Hekta, garkuwar Turoyi, ta sa shi ya tsaya ya fuskanci Akilis, sannan ta ɓace ta bar shi aka kashe. Mai karatu zai lura cewa tausayin mawaƙin a nan yana wajen Hekta ne, domin da jana'izarsa aka rufe waƙar.

Wannan hoto zai ƙara fitowa idan aka kwatanta shi da na Rumawa, waɗanda suka ɗauki allansu na yaƙi, Mas, a matsayin takwaran Aris. Su girmama shi suka yi. Sun ce shi ne uban Romulus wanda ya kafa birnin Rum, kuma daga sunansa aka samo sunan watan Maris. A shekara ta 2 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Agustus ya buɗe masa babban ɗakin bauta a Rum.

Bisa ga haka, za a iya cewa Iliyad ta yarda dabara tana kayar da ƙarfi, amma ta nuna cewa ko ta hannun Aris ko ta hannun Atina, ɗan Adam ne yake biya da ransa.