Haddar Kalmomi Ba Ita Ce Karatu Ba

Jama'a, duk wanda ya buɗe littafin ɗansa na aji huɗu zuwa shida a nan Mubi zai tarar da abu guda: jerin kalmomin Turanci a hagu, ma'anarsu a dama. Malam ya rubuta a allo, yara su kwafa, su yi ta rerawa har a tashi. Ranar jarrabawa kuwa, an ba yaro labari ya karanta, da ya ci karo da kalmar da ba ta cikin jerin sai ya tsaya cak. Wannan hanya muke suka, domin tana cutar da 'ya'yanmu.

Tsarin ilimi na ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1977, a da ya tanadi a koyar da ƙananan azuzuwan firamare da harshen da ake ji a gari, sannan a koma Turanci. To, a aji huɗu ne baƙin kalmomi ke yi wa yaro ruwa: na lissafi, na kimiyya, na zamantakewa. Kalma goma a mako ina za ta kai shi?

Abin haushin shi ne, yaran nan sun iya gano ma'ana tun daga gida. Yaron da ke bin babansa kasuwar shanu yana jin Fulatanci, a makaranta yana zama da 'ya'yan Gude, Fali da Margi. Wa ya ba shi ƙamus? Daga yadda zance ya zo yake ɗauka. Rubutun boko ma haka yake, tunda ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. “Fari ya hana shuka”, “fari sun cinye gero”, “zanen fari ne”: rubutu ɗaya, ma'ana uku, kuma kalmomin da ke maƙwabtaka da ita ne ke raba gardama.

Wannan basira ya kamata malamai su ɗora a kai. A rubuta, misali, “Rana ta take, shanu suka kwanta a inuwar gamji.” Kafin a faɗi ma'ana, a tambayi yara: me ke ba da inuwa a daji? Wace kalma ce ta nuna muku? Su yi muhawara, sannan a tabbatar. In sun saba da Hausa, da littafi irin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, sai a kai su ga Turanci da dabara ɗaya.

Amma fa kada a ce hasashe ya wadatar. Jimlar za ta nuna gamji itace ne, ba za ta raba shi da ƙirya ba. Nan ƙamus da bayanin malam ke shigowa. Haka kuma, in rabin kalmomin shafi baƙi ne, babu abin da yaro zai dafa. Sai a ba shi labarin da ya yi daidai da ƙarfinsa.

Garin da ke da Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya bai kamata yaransa su gama firamare suna tsoron baƙuwar kalma ba. Iyaye, a taron iyaye da malamai na gaba, mu tambayi yadda ake koyar da kalmomi. A gida kuma, in yaro ya ce “Baba, mene ne wannan?”, a ce ya sake karanta jimlar tukuna. Allah ya yi wa zuri'armu albarka.