Yumɓu a Hannun Yaro: Ina Iyakar Malami?

Ginin tukwane makarantu biyu gare shi a ƙasar nan, kuma ta farko ba a kai yaro, shi yake kai kansa. Da damina ta kankama, yara kan kwaso laka a bakin kududdufi su gina shanu masu tozo, da raƙuma, da motoci masu tayar murfin kwalba, 'yan mata kuma su yi 'yan tukwanen tuwon ƙasa. Ba mai cewa ƙahon nan ya cika tsawo. Ta biyu ita ce gidan magina, inda babu wasa: a jiƙa yumɓu, a tsince tsakuwa, a cuɗa shi har iska ta fita, a shanya abin da aka gina a inuwa. Wanda ya yi gaggawa, ranar gashi tulunsa zai fashe kowa yana ji.

Masu gardama kan koyar da yara sukan ɗauki ɗaya su yar da ɗaya. Wasu su ce a bar yaro ya yi abin da ya ga dama, wasu su ce itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tarihin Ladi Kwali ya nuna al'adar kanta ba ta raba su ba. An haife ta wajen 1925 a Kwali, cikin ƙasar Gwari, inda gini sana'ar mata ce, ta kuma koya tun tana yarinya a wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Siffar randa ba ta canzuwa, domin dole ta zauna daram, ta riƙe ruwa, kaurin jikinta ya zo daidai. Magina kan zagaya tukunyar suna ɗora yumɓu zobe bisa zobe, suna shafewa da hannu. Amma da an zo zane, sai a sakar wa hannu mara. A nan Ladi ta zuba kunamu, da ƙadangaru, da kadoji, da hawainiya, da kifaye, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa tara tukwanenta. A fadarsa wani Bature mai suna Michael Cardew ya gan su, kuma a 1954 ta shiga cibiyar koyar da gini da ya kafa a garin na Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi na'urar juyi da gashi mai tsananin zafi, amma abin da ya kai ta Ingila da Amurka, ya kuma ɗora hotonta a bayan naira 20, shi ne zanen da ta taso da shi daga ƙauye.

Ashe rabon aikin a fili yake. Dokar yumɓu da wuta ta malami ce, ya koyar da ita ba sassauci. Abin da za a gina da yadda za a ƙawata shi kuwa, na yaro ne. Inda ake kuskure shi ne malami ya ajiye kasko ɗaya a gaban aji ya ce kowa ya kwaikwaya, sannan ya ba da maki gwargwadon kama. Ba a ma zancen makarantun da darasin aikin hannu ya koma a kawo tsintsiyar kasuwa ko kuɗinta.

Akwai iyayen da ke ɗari-ɗari da siffar mai rai, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce. Sai dai malaman addini da dama sun sassauta a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa cikin 'yan tsanan Nana A'isha har da doki mai fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya gani ya yi dariya. Wanda hankalinsa bai kwanta ba, ga asusu, ga buta, ga tanda, duk fili ne na zane.

Malamai da iyaye, in yaro ya kawo muku saniya mai ƙafa biyar, ku duba ko ya cuɗa yumɓun sosai, ku nuna masa inda zai shanya ta. Ƙafar ta biyar ku bar masa abarsa.