Alhaji, ina zauren gidan?

Sabon gini ya yawaita a ƙasarmu, kuma ba na baƙin ciki da arzikin kowa, Allah Ya ƙara buɗi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne irin ginin. Ku bi titin Magarya da ya nufi Tinkim, ku leƙa sababbin unguwannin bayan gari, ku ƙarasa Bande da Wacha da Dungas, gida ɗaya za ku ga ana ta maimaitawa. Katangar bulo, ƙatuwar ƙofar ƙarfe, ginshiƙan siminti guda biyu a gaba waɗanda ba su ɗauke da komai, tayil manne a fuskar bango irin wanda aka yi domin banɗaki, sai kwano a sama yana ɗaukar ido. Zaure kuwa babu shi babu dalilinsa. In ka tambayi mai gidan daga ina ya samo wannan fasali, sai ya zaro waya ya nuna maka hoto, ko ya ce haka ya gani a Libiya.

To, a Libiyar ma wane gida aka gani? 'Yan uwanmu da ke zuwa ci-rani Tarabulus da Aljeriya galibi a sababbin unguwanni suke aikin lebura, nan suke ganin gidajen masu kuɗin yanzu. Da sun shiga tsohon birnin Tarabulus sun ga gidan Karamanli, wanda har yau mutane ke zuwa kallo: ɗakuna ne kewaye da tsakar gida, bango mai kauri, tagogi na kallon ciki. Haka gidajen Kasba ta birnin Aljas, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1992. Daga waje ba ka ganin komai sai bango da ƙofa, a mashiga akwai wurin da baƙo zai zauna ba tare da idonsa ya faɗa kan iyali ba, rayuwar gidan duk tana tsakar gida da saman rufi. Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ba sai an yi masa bayanin wannan ba, don tsarin gidan kakansa ne. Fataken Tarabulus da na Gadamas sun daɗe suna sauka a Zangon Damagaram, kuma ba su tarar da mu muna jiran a koya mana yadda ake zama cikin zafi da sutura ba.

Ko Barsalona, wadda Turawa ke tururuwar zuwa kallon gidajenta, haka abin yake. Gidan da ake kira Casa Milà, wanda Antoni Gaudí ya gina tsakanin 1906 da 1912, an gina shi ne a matsayin gidan zama na haya, kuma an bar masa tsakar gida biyu a ciki domin haske da iska su kai ga ɗakuna. Mutumin ya duba garinsu da duwatsunsu da maƙeransu, ya yi gini da su. Mu kuwa mun ɗauko ginshiƙin wani gari mun dasa a bakin kwalbati, mun rushe zaure don mota ta samu wurin kwana.

Bari in tsaya a kan zauren nan, domin shi ne ya fi yi mini ciwo. A zaure malam ke ba da karatu da asuba. A nan tela ke ajiye kekensa, a nan maigida ke cin tuwon dare da maƙwabta, kowa ya kawo kwanonsa. A nan ake raba goron ɗaurin aure, a nan ake zaman makoki, a nan saurayi ke tsayawa ya aika yaro ya yi masa sallama. Kuma magina sun san abin da suke yi: ƙofar shiga da ƙofar fita ba sa kallon juna, sai ka karkata, don kada mai wucewa a titi ya hango matar gida tana tankaɗe. Baƙon da dare ya yi masa a hanyar Maigatari yana da inda zai shimfiɗa tabarma ba tare da ya takura wa kowa ba.

Yanzu je ka gaida Alhaji a sabon gidansa. Za ka tsaya a rana kana bugun ƙarfe da dutse har yaro ya ji tausayinka ya leƙo. Daga nan ɗayan biyu ne: ko a bar ka a waje kamar mai bin bashi, ko a ratsa da kai ta gaban matan gida, suna ta rarumar mayafi, a kai ka falo. Ranar da aka yi rasuwa ko suna kuwa sai a yi hayar rumfa da kujerun roba a toshe titi, mai amalanke da ɗan kabu-kabu su nemi wata hanya. An kashe miliyoyi an gina gidan da ba shi da wurin karɓar gaisuwa. Ni wannan ban ga ci gaba a cikinsa ba.

Sai zafi. Kowa ya san yadda Afrilu da Mayu suke a nan, ma'aunin zafi na haura 40 kamar wasa. Soron ƙasa mai kaurin bango yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi ya sake shi, shi ya sa in ka shiga soro da azahar za ka ji sanyi ya sauka a wuyanka. Bulon siminti mai rami a ciki, da kwano a kansa, ba ya riƙe komai. Ƙarfe biyu na rana ɗakin ya zama tandar masa, mai jego da jinjiri na ciki suna zufa. An gina shi ne da niyyar fanka da na'urar sanyaya ɗaki za su ɗauki nauyin abin da bango ya kasa. To mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Masu manyan gidaje suka kwaso tabarmi suka koma gindin bedi, tare da mu. A Dogo-Dogo ko Malawa ko Gushi, inda ƙauyuka da yawa ba su san wayar lantarki ba, me ya kai mutum gina ɗakin da ba ya zaunuwa sai da wuta?

Kuma tayil ɗin nan na fuskar gida, don Allah a bar shi. Mu da muke da Birnin Damagaram a kusa, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba. Ku shiga lungunan Birni da Zango ku ɗaga kai. Zankwaye a kusurwar soro, dagi a saman ƙofa, zane mai tudu da magini ya fitar da yatsunsa tun ƙasa na ɗanya, wani an bi shi da launi, wani an bar shi da jan ƙasarsa. Wani gidan za ka ga takobi, wani keke, wani agogo, gwargwadon abin da mai gidan ke alfahari da shi. Babu gida biyu masu fuska ɗaya. Fadar Sarkin Damagaram tana nan tun tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, kuma tun 2006 Nijar ta sa tsohon birnin cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Agadas ta samu shiga a 2013 da gininta na ƙasa. Baƙo na biyan kuɗin jirgi ya zo ɗaukar hoton abin da mu muke rushewa, mu kuma muna biyan kuɗin mota a kawo mana tayil daga Kano, wanda bayan damina biyu zai fara ɓamɓarowa ɗaya bayan ɗaya.

Na san abin da za a ce, kuma ba zan musa ba. Ginin ƙasa na son yaɓe kowace shekara, samarin da za su kwaɓa ƙasar kuwa suna Agadas ko Legas. Azara ta yi tsada saboda giginya ta ƙaranta, gara ba ta barin katako. Daminar 2024 ta kayar da gidaje masu yawa a jihar Damagaram, har tsohon masallacin Birni ya faɗi a farkon Satumba, abin da ya taɓa zuciyar kowa. Wanda soro ya taɓa ruftawa a kan iyalinsa ba zan ce masa kada ya sayi siminti ba. Na yarda da wannan. Amma ruwan sama bai ce a cire zaure ba, bai ce a dasa ginshiƙin ado ba, bai ce a yi ɗaki da taga ɗaya tana kallon yamma ba.

Siminti ma ba abokin gabana ba ne. A Damagaram da Kano akwai magina da ke fitar da dagi da sauran zanen gargajiya da siminti, yana kuma yin kyau. Ana iya zuba harsashi da dutse da siminti, a ɗora bangon ƙasa mai kauri, a tsawaita indararo don kada ruwa ya ci gindin bango. Kakanninmu suna da makuba, wadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a samu, da laso na katsin marina, duk don kare bango da rufi daga ruwa. Tun 1980 ake koyar da gini marar katako a Nijar, wanda ake rufe ɗaki da tubali zalla, babu azara ko ɗaya. Falke Barmu, magini ne na ƙauye a jihar Tawa, masallacin da ya gina a Yama ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Mariam Issoufou Kamara, 'yar ƙasar nan, ta yi gidajen zama a Yamai da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, ta kuma yi masallaci a Dandaji da irin wannan bulon. Duk cikin ƙasar nan aka yi su, da ƙasar da muke takawa.

Gaskiyar maganar ita ce kunya muke ji. An sa mana a rai cewa gidan ƙasa shaidar talauci ne, har dangin amarya kan tambaya ko ɗakin na siminti ne kafin su tambayi halin yaron. Mutum ya sha wuyar Sahara shekara da shekaru, ya dawo, yana so duk wanda ya wuce ya san ya samo. Ban ga laifinsa ba. Amma attajiran da, irin su Malam Yaro na Zango, su ma sun so a san sun samu, kuma da zaure da zane suka nuna. A lokacin mai kuɗi ne ke kiran gwanin magini ya ce a yi masa fuskar gida da ba a taɓa gani ba. Yau gwanin yana zaune ba aiki, 'ya'yansa sun koma buga bulo, kuma ranar da ya kwanta dama babu wanda zai iya ɗaure bakan gizo a unguwar.

Saboda haka Alhaji, da kai nake, da kai ma ɗan uwa da ke turo kuɗin gini daga Tarabulus ko Tamanraset. Yi bulonka, sa kwanonka in ka ga dama, amma ka ɗaga rufin sama, ka yi silin, ka bar tsakar gida da itace ko da ɗaya ne. Kuɗin da za ka zuba a ginshiƙai biyu da tayil ya isa a fitar maka da zaure har da zankwaye. Kafin a fara haƙa harsashi ka aika a kira tsohon maginin unguwarku ya zagaya filin tare da mai zana taswirar ginin, ka biya shi ladan shawararsa, ka kuma bar masa fuskar gidan ya yi aikinsa.