Wa Ya Kwance Notin? Nazarin Finafinan Zagon Ƙasa ga Jirgin Sama

Finafinan jarumta na talabijin suna da wani labari da ba su gajiya da maimaita shi. Kamfani ko rundunar soja ta ƙera sabon jirgi, aka kira gwanin matuƙi ya gwada shi. Da daddare wani ya laɓaɓa rumfar jirage ya kwance noti ko ya datse waya. Jirgi ya tashi, ya fara tangaɗi, matuƙi ya sha da ƙyar, sannan ya shiga farautar wanda ya yi masa wannan aika-aika. Kafin awa ɗaya ta cika an kama mugu, kuma kusan kullum ɗan gida ne: bakanike da aka saya, ko abokin aiki mai hassada. Matasan da ke cika gidajen kallo a Sakkwato, daga Ƙofar Taramniya zuwa sauran unguwannin tsohon gari, sun san wannan zubi, ko a fim ɗin Amurka ko a na Indiya da aka yi wa fassara.

Misalin da ya fi tona asirin zubin shi ne The Six Million Dollar Man, shirin Amurka na shekarun 1970. Jaruminsa, Steve Austin, matuƙin gwaji ne da ya yi mummunan haɗari aka sāke masa gaɓoɓi da na'ura. Hoton faɗuwar da ake buɗe shirin da shi na gaske ne: haɗarin Bruce Peterson ne, matuƙin hukumar NASA, da jirgin gwaji M2-F2 ranar 10 ga Mayu 1967. Jirgin yana da larurar jujjuyawa gefe da gefe, ta taso masa yana gab da sauka, ga kuma jirgi mai saukar ungulu da ya ɗauke masa hankali. Peterson ya rayu, amma ya rasa ido ɗaya. Babu wanda ya yi masa zagon ƙasa. Duk da haka a 1974 marubutan shirin suka yi kashi mai suna The Deadly Replay, inda aka shaida wa Austin cewa da hannun wani a faɗuwarsa. Sun ɗauki haɗarin da babu mugu a cikinsa, suka ƙirƙiro masa mugu, domin wasan kwaikwayo yana son fuskar da za a tsana.

Ba na ƙin waɗannan finafinai. Suna girmama ƙwarewa da sanyin zuciya a lokacin tashin hankali, kuma yara da yawa daga kallonsu suka fara mafarkin tuƙin jirgi. Zagon ƙasa ma ba tatsuniya ba ne: ranar 19 ga Satumba 1989 bam ya tarwatsa jirgin kamfanin UTA na Faransa a saman hamadar Tenere ta Nijar, mutum 170 suka halaka.

Damuwata ita ce abin da zubin ke koya wa ido. Yana horar da mai kallo ya nemi maƙiyi, ya kau da kai daga sakaci. Mu kuwa Sakkwatawa sakaci ne ya fi yi mana ɓarna.

Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi haya yana aiki da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda da alhazai zuwa Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska. Babban bakanike ya lura, ya nemi a ƙara, amma ba a sami iskar naitirojin nan take ba, kuma mai kula da jigilar bai yarda a jinkirta tashi ba. Ana cikin gudun tashi tayoyi biyu suka fashe, ƙarfen ƙafa ya yi ta gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan ba su sani ba, suka naɗe ƙafafun, suka shigar da wutar cikin cikin jirgi da kansu. Sun juyo, sun kusa kaiwa titin sauka, jirgin ya faɗi. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya fita. Bincike ya kuma gano an taɓa alƙaluman iskar tayoyin a takardun gyara. Ina mugun da ke laɓe da sifana a nan? Gaggawa ce, da tsoron asarar kuɗi, da mutanen da kowannensu ya ɗauka abin zai wuce lafiya.

Haka ranar 29 ga Oktoba 2006, jirgin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Abuja. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah ya jiƙan su. Da yake babban mutum ne ya tafi, zukata sun yi saurin karkata ga zargi. Rahoton masu bincike ya nuna mummunan sauyin iska ne, da shawarar tashi cikin yanayin da bai dace ba, da yadda aka tunkari matsalar bayan ta auku.

Mun yi imani da ƙaddara, amma imanin bai hana tambayar wa ya duba taya ba. Tsakanin "kwana ne ya ƙare" da "akwai hannu a ciki" akwai fili babba da muke tsallakewa, kuma a nan ne ake ceton rayukan gobe. Wanda ya gamsu cewa maƙiyi ne, ba zai nemi rahoton bincike ba, balle ya matsa a gyara.

Akwai wani salon da ya shiga wannan fili. Shirin Mayday na Kanada, da aka fara a 2003, yana bin sawun masu bincike daga tarkace zuwa akwatin naɗar bayanai, kuma ya yi kashi guda a kan jirgin alhazanmu na 1991. Yana riƙe mai kallo ƙam ba tare da ƙirƙiro mugu ba. Abin takaici, baƙi ne suka ba da labarin iyayenmu, da Turanci.

Ga marubutan Kannywood da masu fassara finafinai da gidajen talabijin na Sakkwato: iyalan waɗancan alhazai suna nan da rai, rahoton binciken kuma yana nan. Ku yi mana wannan labari da Hausa, ku sa bakaniken da ya nemi a ƙara iska ya zama jaruminsa.