Khayal: Waƙar da Ke Sa Mai Sauraro Jira

Yawancinmu ta finafinai muka san waƙar Indiya, muryar Lata Mangeshkar ko ta Mohammed Rafi, minti biyar an gama. Amma akwai wadda ta girme ta, wadda ba a shan daɗinta sosai sai a gaban mawaƙi. A arewacin Indiya ana ce mata khayal, kuma a ganina ƙarfinta yana cikin jiran da take sa mutum ya yi.

Mawaƙi zai zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, a bayansa ana kaɗa tanpura mai tsirkiya huɗu, wadda aikinta kawai riƙe amo ɗaya. Zai jima yana jan murya a kan sauti biyu ko uku, ba ganga, kusan ba kalma. Raga yake gabatarwa, wato tsarin sautukan da zai yi yawo a cikinsu, kuma kowanne da lokacinsa: Bhairav na asuba, Yaman na bayan magariba, Darbari sai dare ya raba. Can mai gangar tabla ya shigo da kiɗa mai bugu 12, a hankali ƙwarai, har zagaye ɗaya kan ci kusan minti guda. Sai mawaƙin ya yi nisa, ya hau, ya karkata, kamar ya ɓace hanya. Kowa ya yi tsit. Kwatsam ya diro daidai kan bugun farko, wanda suke kira sam. Nan take wuri ya kaure da "wah! wah!", wani na girgiza kai, wani na share hawaye. Ba a bari sai an tashi kafin a yaba, kuma yabon shi ke ƙara masa ƙaimi, domin yawancin abin da yake rerawa a wurin yake ƙirƙirarsa.

Bhimsen Joshi (1922 zuwa 2011) gwani ne a wannan fage. Yana ɗan shekara 11 ya bar gida neman malami, bayan ya ji faifan Abdul Karim Khan. Daga baya ya yi karatu wurin Sawai Gandharva, almajirin Khan ɗin, kuma a 1953 ya fara bikin tunawa da Sawai Gandharva a birnin Pune, inda a da ake kwana ana waƙa har gari ya waye. Abin lura ne: salo ɗaya ya ratso daga malami Musulmi zuwa almajirai 'yan Hindu.

A zamaninsa, idan Joshi ya juya ga abhang, waƙoƙin bauta na harshen Marathi irin na Tukaram, sai talakan da bai san raga ba ma ya kama amshi. Aƙidarsu daban, tamu daban, amma wanda ya taɓa zama majalisin bandiri a Kano ya san yadda maimaita baiti ɗaya ke tayar da shauƙi.

Gutsuren minti biyu a waya ba ya ɗaukar wannan. Mai karatu, nemi cikakken zaman Joshi guda ɗaya, ka ba shi awa guda ba tare da ka tsallake farkon ba.